Katantanwar Ellis

Jama'a, ku yafe min shirun kwana goma. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa in ba zan ƙarasa labari ba, uban wa ya sa ni farawa. Kin fi ni gaskiya, 'yar'uwa, gyara zama. Abu ɗaya kawai nake roƙo, kada wanda ya yabe ni in na gama. A cikin ledojin shara ashirin da uku da za ku ji labarinsu, shida da hannuna na cika, kuma haƙorana duk a waje aka ɗauke ni hoto da su.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Joelle Banks, shekarata ashirin da biyu, ina ajin ƙarshe a jami'a, gidanmu yana Charlotte. Ina da uwa, ina da saurayi, kuma har yau ban gano wanne ya fi matsuwa da auren nan a tsakaninsu ba.

Ranar Asabar da safe, ana gobe za mu tafi aikin sa kai na hutun Maris, na shiga ɗakina na tarar da Mama tana guga. Gashinta na naɗe cikin ɗankwalin siliki, ga 'yan kunnenta na lu'ulu'u da ko shara za ta fitar ba ta cire su. Abin da take gogewa wata doguwar farar riga ce mai siririn hannu, sabuwa fil, ban taɓa ganinta ba.

"Mama, fenti fa za mu je yi da sare ciyawa. Me zan yi da farar riga?"

"Juma'a," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Me ake yi Juma'a?"

"Kada ki mai da ni sakarai, Joelle. Jiya muna zaune da uwar Royce a wurin gyaran gashi, ta ce min yaron ya karɓi zoben kakarsa. Juma'a da la'asar, a bakin teku. Ba daga bakina kika ji ba. Ki yi mamaki, amma kada ki wage baki da yawa, hoto za a ɗauka."

"In kuma na ce a'a fa?"

Ta kafa dutsen gugar a tsaye, ta yi min murmushin nan nata na coci.

"Sai ki nemi wata uwar."

Saurayin nawa ke nan, Royce Tillman na Uku. Eh, na Uku, kuma in ka manta da wutsiyar zai tuna maka. Gidansu ke da wuraren shirya jana'iza har uku a garinmu. Duk baƙar fata mai hali da ya mutu a Charlotte, Tillman ne ke sa masa kwat ɗinsa ta ƙarshe. Mama kan ce, "Mutane ba sa daina mutuwa, Joelle, arzikin da ba ya yankewa ke nan." Shi kansa dogo ne, kyakkyawa, askinsa kullum kamar yau ya fito daga shago, kuma a shekara biyu da muka yi tare bai taɓa tambayata wani abu ya tsaya ya ji amsar ba.

Baba ya leƙo da kofin gahawarsa a hannu. Na dube shi da idon neman agaji.

"Abin da mamanki ta ce," in ji shi, ya wuce.

"Wane wuri ma kuka ce za ku?" Mama ta tambaya tana juya rigar.

"Tsibirin Tobin. Gaɓar South Carolina."

Dutsen gugar ya daɗe a wuri ɗaya, har na ɗauka rigar za ta ƙone. Mama ba ta zancen inda aka haife ta. In ka tambaya sai ta ce, "Mu mutanen Charlotte ne," ta shiga wani zancen. Yau ma hakan ta yi.

"Ki tafi da maganin sauro," ta ce, ta ninke rigar cikin akwatina.

Bari in faɗa muku gaskiya tun yanzu, "eh" na yi niyyar ce masa. Ba don ina sonsa ba, don na gaji. Har gwaji na yi a madubin banɗaki, na dafe ƙirji, na buɗe baki daidai yadda aka umarce ni.

Mu goma sha huɗu muka tafi a ƙananan bas biyu, kowa sanye da riga ruwan lemo an rubuta mata "Hannu Da Yawa" a baya. Sauran 'yan makaranta sun tafi Florida shan rana, mu kuwa mun fi ƙarfin wannan, za mu je ceton bayin Allah ne, kuma mun tabbatar duk wanda ke da waya ya sani. Royce ne shugaban tafiya. Ya sayi sababbin takalman aiki da usur na rataya a wuya. Usur, jama'a, don mutum goma sha uku da ke zaune gab da shi. Mai ɗaukar hotonmu kuma Paisley ce, wata farar yarinya daga Ohio da ta fara hawaye tun muna kan gadar shiga tsibirin, wai ruwan ya taɓa mata zuciya.

A zauren cocinsu aka shimfiɗa mana katifu. Matan cocin ke dafa mana abinci sau uku a rana, jar shinkafa, jatan lande da tsakin masara, soyayyen kifi, shayi mai ƙanƙara da sukari kamar zai tsinke harshe. Mun zo taimakon talakawa, talakawa na ta ɗura mana abinci, muna tambayarsu ko akwai alkama a ciki, wai wasunmu ba sa cin ta. Shugabar masu girkin ita ce Miss Vernell Chisolm, tsohuwa ce 'yar firit mai shekara tamanin da wani abu, kullum da malafa da fararen takalman roba irin na masunta. Ba ta cika magana ba, ta dai zuba maka, ta tsaya sai ta ga ka kai loma.

Litinin da Talata bangon zauren muka yi wa fenti rawaya. Da na kankare wani gefe sai ga kore a ƙasa, sabo garau. Dikon Frazier, dattijon cocin da ke kula da mu, ya tsaya yana kallonmu hannu a aljihu.

"Wata makaranta ce ta yi koren bara," ya ce min. "Waccan shekarar shuɗi ne. Bangon nan ya fi ni sutura, 'yata."

In mun ci abincin yamma sai a zauna a da'ira, kowa ya faɗi darasin da ya koya. Paisley ta share ido ta ce, "Ba su da komai, amma dubi yadda suke farin ciki." Dikon Frazier jiragen kamun kifi biyu gare shi, 'yarsa lauya ce a Savannah. Na san haka domin na tambaye shi, abin da bai faɗo wa kowa a cikinmu ba. Amma da layi ya zo kaina, cewa na yi na koyi tawali'u, aka tafa min.

Ranar Laraba da safe Dikon ya kai mu wata hanyar ƙasa da ciyawa ta cinye, ya sauke mana adduna da manjagara da ledoji.

"Wannan ce hanyar maƙabartarmu. Daga kwalta zuwa waccan bishiyar mai reshe a ƙasa. Hanyar kawai, kun ji? Zan kai matata ganin likita a ƙetaren gada, da azahar na dawo."

"Kada ka damu, ranka ya daɗe," in ji Royce. "Tana hannun ƙwararru."

Kafin ƙarfe goma mun gama. Sai Royce ya leƙa bayan bishiyar, ya busa usur.

"Ku zo ku ga abin kunya!"

Fili ne a ƙarƙashin manyan itatuwa masu gemun gansakuka, daga can kana hango ruwa. Duwatsun kabari ba su fi biyar ba. Sauran wurin ko'ina fasassun farantai ne, kofuna, butar shayi, fitilar ƙwai ba gilashi, agogon tebur da ya yi tsatsa, kwalaben magani, da fararen katantanwar teku birjik.

"Sun mai da makwancin iyayensu bola," Royce ya ce yana girgiza kai.

"Royce," na ce, "cewa ya yi hanyar kawai."

"Jo, a cikin harkar nan aka haife ni. Tun ina shekara tara nake riƙe wa Baba furanni a bakin kabari. In akwai wanda ya san darajar mamaci a tsibirin nan, to ni ne. Kunya ce ta hana dattijon roƙonmu. Mu ba shi mamaki."

Ga inda nake so ku tsane ni. Na sunkuya, na ɗauki kofin farko, na ga a kife yake, an huda gindinsa tsaf. Na biyu ma a kife, a hude. Katantanwar kuma a jere suke layi-layi, kowane layi tsawon mutum. Shara ba ta jera kanta, ko ɗan yaye ya san wannan. Na gani, na gane akwai magana. Sai na tuna Juma'a, na tuna ba a musu da Tillman a gaban mutane, na jefa kofin a leda na ɗauki na gaba.

Awa biyu muka yi. Da muka kwashe, Royce ya sa aka bi wurin da manjagara har ya yi sumul kamar filin ƙwallo. Muka tara ledoji ashirin da uku, muka tsaya a bayansu muna nuna ƙwanji, Paisley ta ɗauka. Nan take Royce ya ɗora hoton a shafinsa ya rubuta, "Yau mun mayar wa magabata mutuncinsu." Ba a yi minti biyar ba wayata ta yi ƙara.

Mama: Surukina ke nan! Na tura wa matan coci.

Mama: Ki ɗaure kanki, kada gumi ya ɓata gyaran gashin kafin Juma'a.

Ina cikin karantawa sai na ɗago kai. Miss Vernell ce tsaye a gindin bishiyar, da ɗan tulun ruwa a hannu. Ashe duk Laraba takan zo. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta taka uku ta tsaya. Ta juya dama, ta taka biyu, ta sake tsayawa tana duban ƙasa, kamar wadda ta shigo ɗakinta ta tarar an sauya mata gida.

"Miss Vernell!" Royce ya tare ta da fara'a. "Kin riga Dikon gani. Kyauta ce daga gare mu, ba sai kin yi godi..."

"Ina Ellis?"

"Na'am?"

"Ɗan nan, ina ɗana? Nan na bar shi Larabar da ta wuce."

Tulun ya karkace a hannunta, ruwan na zuba kan fararen takalmanta ba ta sani ba. Muna nan tsaye motar Dikon ta iso. Ya fito, ya dubi filin, ya dubi ledojin, ya cire hularsa a hankali.

"Hanyar kawai na ce," in ji shi.

Shi ya yi mana bayani. Kofin da mutum ya sha ruwa na ƙarshe, farantin da ya ci abinci, maganin da ya rage, su ake ɗora masa, a huda ko a fasa don ya san nasa ne, kada ya biyo sawu gida nema. Su ne sunansa, su ne alamar inda yake kwance. Mun kwashe sunayen mutum sama da sittin mun ƙulle a leda.

"Ai da an sa allon sanarwa," na ji Royce yana raɗa wa wani a bayana.

Ranar Alhamis babu fenti, babu usur. Mutanen tsibirin suka fito, wasu har daga ƙetaren gada suka baro aiki. Aka shimfiɗa tamfol a bakin hanya, aka zazzage ledojin ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ga ƙaton mutum mai furfura ya durƙusa yana tona tarkace, ya ɗago hannun buta ya ce, "Ga Goggo Sudie." Tsofaffi suna auna taku daga itatuwa, suna gardama a hankali kan wa ke kusa da wa. Babu wanda ya zage mu. Da azahar ma sai da aka kawo mana abinci, kuma wallahi wasunmu sun yi ƙari. Paisley ta ɗaga na'urarta sau ɗaya, wata mata ta dube ta kawai, ta mayar jaka.

Ni dai na rasa inda zan sa kaina, sai na je na tsaya kusa da Miss Vernell.

"Riƙe min hannu," ta ce ba tare da ta dube ni ba. "Ƙafata ba ta da tabbas. Taku goma sha ɗaya ne daga bishiya, ta wajen ruwa."

Muka ƙirga tare. Ta tsaya, ta ce nan ne in Allah ya yarda. Ta kife kofinsa na ƙarfe, ta ajiye fitilar jirginsa. Sannan ta koma kan tamfol ta sake dubawa, ta sake, har sau uku.

"Saura katantanwarsa."

"Ga su nan da yawa, Miss Vernell."

"Ba waɗannan ba. Babba ce, cikinta ja-ja, an yanke tsininta don busawa. Shekararsa goma sha tara, yana aikin jirgin jatan lande. In sun shigo bakin rafi sai ya busa sau biyu, ni kuma in ɗora shinkafa. Ranar da ruwa ya ci shi, rataye a kan ƙusa ya manta ta a gida." Ta goge hannu a jikin riga. "Ya kankara harafin sunansa a ciki da wuƙa. Shekara arba'in da ɗaya tana kansa."

Ta ɗago ta ƙare min kallo, irin kallon da ake yi wa kifi a kasuwa.

"'Yar gidan wa ce ke?"

"Banks. Daga Charlotte."

"Hm. Goshin nan ba na Charlotte ba ne."

Ta sa Dikon ya tara mu. Ta bi mu ɗaya-ɗaya tana tambaya ko wani ya ga katantanwar. Kowa ya ce a'a. Da ta zo kan Royce, ya dafa ƙirji.

"A matsayina na shugaba, ina tabbatar miki duk abin da muka ɗauka yana cikin ledojin nan. Amma na yi waya da mahaifina. Kamfanin Tillman zai aiko wa ɗanki dutsen marmara, da sunansa da zanen jirgi, kyauta."

"Ɗana bai san dutsenku ba," ta ce. Ta juyo gare mu duka. "Ba na zargin kowa. Amma in tana hannun wani, ya ji ni da kyau. Kada ta ƙetare gada. Abin mamaci ba ya ƙetare ruwa."

Da yammar nan na zazzage jakata, na duba ƙarƙashin kujerun bas, na koma hanyar na tona ciyawar da muka sare har ƙaya ta yayyage min hannu. Royce ya same ni a can.

"Jo, ya isa haka. Mun ba da haƙuri, mun yi tayin dutse. Katantanwa fa ce, teku cike yake da su. Dubi farcenki."

"Farcena ya dame ka?"

"Gobe zai dame ki," ya ce, ya kashe min ido.

Kuna tsammani a nan na farka? Ina! Juma'a da la'asar na yi wanka a banɗakin coci, na sa farar rigar Mama, na warware gashina, na shafa jan baki. Na ce wa kaina kowa na kuskure, aure ba a kan maƙabarta ake gina shi ba, kuma Asabar da safe za mu ƙetare gadar nan mu manta. Saƙonni kuwa sai shigowa suke.

Mama: Kin sa rigar?

Mama: Kafaɗa a miƙe.

Mama: Muna falo da uwarsa, mun sa lemo a firji. Kada ki kunyata ni, Joelle.

Wai yawon ban kwana za mu yi a bakin teku. Muna isa sai na ga 'yan rigar lemo sun ja baya sun yi rabin da'ira, kowa na danne dariya. Paisley ta durƙusa ta saita na'ura. Wata ta ɗaga waya sama, ga fuskar Mama da ta uwar Royce manne da juna a kan kujerar falonmu, Mama ta sha hular coci a ranar Juma'a. Royce ya fito cikin farar riga da wando a naɗe, ba takalmi. Ya yi jawabi. Ya ambaci hidima, ya ambaci gado, ya ambaci Tillman sau huɗu, ni sau ɗaya. Sannan ya sa gwiwa ɗaya a yashi, ya fito da hannunsa daga baya.

Ba akwatin zobe ba ne. Katantanwa ce babba, fara tas, tana warin sinadarin wanke banɗaki. Cikinta ja-ja, zoben kakarsa na zaune a bakinta yana ƙyalli. An yanke tsininta.

"Joelle Banks, za ki..."

"Ina ka samo wannan?"

Ya yi 'yar dariya, ya saci kallon wayar. "A bakin teku mana. Jo, ana ɗauka."

Na karɓe ta da hannu biyu. Na karkata ta wajen rana. Can ciki, inda buroshin da ya wanke ta da shi bai kai ba, ga harafin nan a kankare, E, ƙafarsa ta ƙasa ta ɗan fi sauran tsawo.

"Wannan ta Ellis ce."

"Yi a hankali," ya ce ta cikin haƙora, murmushin bai bar fuskarsa ba.

"Ta tambaye ka, Royce. Tsohuwar nan ta tsaya a gabanka ta tambaye ka, ka dafa ƙirji."

"Tun Laraba na tsara komai da Paisley, da hasken da launin. Me kike so in yi, in tsaya gaban mutum hamsin in ce ni na ɗauka? Da an gama hoto zan ajiye ta inda za a tsinta. Ba wanda ya yi asara."

Da an gama hoto. Jama'a, shekara biyu ina neman dalilin da zan iya kai wa Mama, ashe ba dalili nake buƙata ba, in ji shi da kunnena nake buƙata. Ban ji fushi ba ma. Raini ne ya cika min ciki, nasa da nawa, domin ni ce na tsaya a nan cikin farar riga da farce a kankare ina shirin wage baki daidai misali.

"Daga kan kabari ya ɗauko ta," na faɗa da ƙarfi, ina duban wayar. "Kabarin ɗan matar da ke dafa mana abinci."

Uwar Royce ta dafe ƙirji. Mama ba ta motsa ba.

Na kama hannunsa, na buɗe tafin, na karkata katantanwar. Zoben ya gangaro ya faɗa ciki. Na naɗe masa yatsunsa a kai.

"Wannan na kakarka ne, riƙe abinka. Wannan kuma ba naka ba ne."

"Joelle, in kika tafi..."

"Busa usur," na ce.

Na cire takalmana na kama hanyar ƙasa, rigar Mama na jan yashi. Daga bakin teku zuwa gidan Miss Vernell tafiyar kusan rabin awa ce, wayata kuwa ba ta huta ba. Royce ya kira sau bakwai. Baba ya turo alamar tambaya guda ɗaya. Na san abin da ke tafe daga Mama, na ma fara shirya inda zan zauna bayan na gama makaranta, tunda an ce in nemi wata uwar. Amma shiru. Mama, wadda ba ta iya minti biyar ba ta turo umarni ba, ta yi minti ashirin ba ta ce uffan ba, kuma wannan ya fi zagi ba ni tsoro.

Ina hango rufin gidan, Miss Vernell na zaune a baranda tana ɓare wake, sai wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Na tsaya a tsakiyar hanya, katantanwar a ƙirjina, na buɗe.

Mama: Kada ta ƙetare gada. Abin mamaci ba ya ƙetare ruwa.

Na karanta sau uku. Ban taɓa gaya mata maganar nan ba, babu wanda ya gaya mata. Kafin in ɗaga ƙafa wani ya sake shigowa.

Mama: In ta tambaye ki 'yar wa ce, kada ki faɗi sunana.

Na ɗago kai. Miss Vernell ta ajiye kwanon waken, ta miƙe tsaye riƙe da ginshiƙin baranda. Ta dubi abin da ke hannuna, ta daɗe tana dubansa, leɓenta na motsi. Sannan ta dawo da idonta kan goshina.

"Hawo, 'yar nan," ta ce. "Kawo min ɗana. Sannan ki zauna ki faɗa min sunan uwarki."